Mu Riƙe Tsohuwar Akori-Kura, Ko Mu Yi Musaya Da Sabuwa?

Kowace shekara idan kaka ta yi, aka sayar da amfanin gona, kuɗi ya ɗan taru a hannun ma'aji, akwai maganar da takan taso a taron ƙungiyar gama kai. Wani zai miƙe ya ce, motar nan tamu ta tsufa, kullum tana wurin makanike, me zai hana mu ba dillali ita, mu yi ciko, mu karɓi sabuwa? Wani dattijo kuma ya ce a'a, da tsohuwar zuma ake magani. Daga nan gardama ta kaure. Sau da yawa akan tashi ba a yanke kome ba, ko kuwa a yanke da zafin rai.

Maganar ba ƙarama ba ce. In aka cire gonaki da rumbun ajiya, mota ita ce dukiya mafi tsada da yawancin ƙungiyoyi suke da ita. Kuɗin da aka saye ta da shi kuwa gumin mutane da yawa ne, har da na gwauraye mata da suka ba da tasu gudummawa da mudu-mudu. Idan aka yi kuskure a nan, ba mota kaɗai za a rasa ba. Ƙungiyar ma tana iya watsewa.

Kajiji da hanyarta

Bari mu ɗauki Kajiji domin misali. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Shagari ta Jihar Sakkwato, a kan hanyar da ta taso daga birnin Sakkwato, ta bi ta Bodinga da Shagari, ta nufi Tambuwal da Jega. Mutanen wannan yanki suna noman gero da dawa da wake da damina. Da rani kuma masu fadama suna noman albasa da tumatir da tattasai. Wanda yake bakin kwalta ba shi da damuwa ƙwarai, gama motocin haya suna wucewa. Amma kayan ba a bakin kwalta suke ba. Suna can cikin ƙauyuka, inda hanya rairayi ce da rani, taɓo kuma da damina. Ga zafin bazara da yakan wuce awo 40, ga ƙurar hunturu da takan toshe matatar iska cikin 'yan makonni.

Saboda haka motar da ta dace da Kajiji ba lalle ba ne ta zama wadda ta fi kyau a filin dillali. Ita ce wadda za ta shiga ƙauye ta ɗauko buhuna, ta fito da su kasuwa a ranar kasuwa, idan kuma ta lalace a samu wanda zai gyara ta a kusa. Duk ƙungiyar da take nesa da babban birni halinta ɗaya ne da na mutanen Kajiji a cikin wannan magana.

Inda tsohuwar ta fito

Matasanmu suna ganin tsohuwar Fijo suna dariya, ba su san tarihinta ba. A shekarar 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna. Lokacin kuɗin man fetur yana shigowa, ma'aikatan gwamnati kuma sun karɓi ƙarin albashin nan na Udoji, kowa yana neman abin hawa. A shekarun farko da jirgin sama ake kawo sassan motar daga Liyon ta ƙasar Faransa zuwa Kano, sa'an nan a kai su Kaduna a haɗa. Fijo 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, ta zama motar gwamna, motar likita, motar haya. 'Yar'uwarta mai buɗaɗɗen baya, watau akori-kura, ta gāji 404, ta zama jakin manoma da 'yan kasuwa. Ba a daina haɗa 504 a Kaduna ba sai wajen 2006, shekaru da yawa bayan Faransa ta daina.

Wannan daɗewa ita ce asirin motar. Shekara 30 ana haɗa abu ɗaya, ai kowane makanike ya haddace cikinsa. Kayan gyaranta sun cika kasuwa, sababbi da tsofaffi. Injinta na kafireto ne, ana iya kwance shi a gindin bishiya a wanke a mayar. Tana da tsayi daga ƙasa, tayoyin baya ne suke tura ta, don haka idan an yi mata lodi sai ta ƙara kama ƙasa. Idan batir ya mutu, yara huɗu sun isa su tura ta ta tashi.

Akwai darasi kuma cikin abin da ya biyo baya. A 1980, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan yanki, naira 1 tana sayen kusan dala 2. Ba a daɗe ba farashin man fetur ya faɗi a duniya, har a 1982 gwamnati ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, ta rage shigo da kaya. A 1986 aka karya darajar naira a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida. Tun daga lokacin sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta, balle manomi. Masana'antun da aka kafa, irin su Volkswagen a Legas, da Steyr a Bauci, da Leyland a Ibadan, duk suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka riƙe motocinsu suka kula da su, su ne suka ci gaba da kai kaya kasuwa. Waɗanda suka sayar suna cewa za su sayi wata baɗi, da yawansu ba su sāke mallakar mota ba.

Irin wannan ya sāke faruwa a idonmu. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce naira 1,500 a cikin 2024. Mota kuwa, ko sabuwa ko tsohuwa, da dala ake sayo ta.

Wace ce "sabuwar"?

In an ce sabuwa a taron ƙungiya, sai mu tambaya, wace iri? Sabuwa dal daga kamfani tana nan. Kamfanin Dangote tare da Peugeot sun fara haɗa motoci a Kaduna a 2022, akwai kuma Innoson a Nnewi, ga Toyota Hilux da kowa yake sha'awa. Amma kuɗinsu miliyoyi ne masu yawa, ƙungiyar ƙauye da za ta iya biya ba ta da yawa. Gaskiyar magana, abin da muke kira sabuwa 'yar Kwatano ce, watau motar da wani ya hau shekara 10 ko fiye a Amurka ko Turai, ya gaji da ita. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, Afirka kuwa ta fi kowace nahiya karɓa. Ashe musayar da ake magana, ta tsohuwar da muka sani ce da tsohuwar da ba mu sani ba.

Ba mu ce 'yar Kwatano ba ta da kirki ba. Yawanci ta fi tamu ƙarancin shan mai, birkinta ya fi kamawa, tana da bel da sauran kayan tsare rai. Waɗannan ba abin rainawa ba ne. Amma tana zuwa da nata ciwo a ɓoye. A ƙasashen sanyi ana zuba gishiri a kan hanya domin narkar da ƙanƙara, gishirin nan yana cin ƙarfen ƙarƙashin mota, sai an kwanta an leƙa za a gani. Akwai waɗanda ambaliyar ruwa ta shanye a can, aka busar, aka goge, aka turo mana. Agogon da yake nuna tafiyar da ta yi ana iya mai da shi baya. Akwai kuma masu sitiyari a dama da aka juya zuwa hagu a wani gareji. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motarmu ta halal sitiyarinta a hagu yake tun daga masana'anta. Wadda aka juya, kada a karɓe ta ko da araha.

Babban abin dubawa shi ne inji. Motar zamani tana da wata ƙaramar kwamfuta da makanikai suke kira ƙwaƙwalwa. Ita take auna mai da iska, tana aiki da wayoyi da ƙananan na'urori masu yawa. Idan ɗaya ta mutu, kunnen makanike ba ya gane ta, sai an jona na'urar bincike. Wannan na nufin janyo mota zuwa Sakkwato, wani lokaci kuma a jira kayan gyara daga Kano ko Legas. Ba ta kuma jure gurɓataccen mai. A watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin ƙasar nan, ya lalata motoci da yawa a birane. To, ina ga direban ƙauye da tilas wani lokaci ya sayi mai a galan wurin 'yan bumburutu? In kuwa mai giya ta atomatik ce, ko mutum 10 suka tura ta ba za ta tashi ba.

A tambayi littafi

Yanzu mu zo ga lissafi, gama nan ne gardama take mutuwa. Abin da yake ruɗin mutane shi ne, kuɗin gyara ana jin zafinsa kowane wata, amma kuɗin da sabuwar mota take ci ba a ganinsa sai daga baya. Don haka kafin kowa ya yi magana a taro, magatakarda ya kawo littafin mota na shekara guda. A haɗa kuɗin mai, da baƙin mai, da taya, da gyara, da albashin direba da yaron mota, da takardu. Sa'an nan a ƙirga buhunan da ta ɗauka. A raba kuɗin da yawan buhuna. Abin da ya fito shi ne kuɗin da ƙungiya take kashewa domin kai buhu ɗaya kasuwa. Ƙungiyar da ba ta da irin wannan littafi ba ta isa yanke shawara ba tukuna. Ta sayi littafi, ta rubuta na wata 6, ta dawo.

Ga misali. Lambobin nan na koyon lissafi ne kawai, kowace ƙungiya ta sa nata. A ce tsohuwar ta ci naira 3,000,000 a shekara, duka da gyara, ta kuwa ɗauki buhu 3,000. Kowane buhu ya tashi a naira 1,000. A ce kuma an ba da ita, an ranto naira 10,000,000 domin ciko, za a biya cikin shekara 4, da ruwa kashi 30 cikin 100. Kada wani ya ce ruwan ya yi yawa, gama a ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya kansa ya kai nasa ma'aunin ruwa kashi 27.5, bankunan kasuwa kuwa sama da haka suke ba da rance. A shekarar farko ruwa kaɗai naira 3,000,000 ne, uwar kuɗi kuma naira 2,500,000. Mu yi wa sabuwar adalci, mu ce ta rage mana naira 1,000,000 na mai da gyara. Duk da haka abin da za a kashe ya zama naira 7,500,000. In buhunan ba su ƙaru ba, kowane buhu ya koma naira 2,500. Gaskiya ne ruwan zai riƙa raguwa, bayan shekara 4 kuma motar ta zama tamu. Amma wa zai biya bambancin kafin lokacin? Kuma banki ba ruwansa da ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba.

Maganar mai ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu son canji, kuma suna da gaskiya. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta kai wajen naira 500, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Motar da take zuƙar mai kamar raƙumi a bakin rijiya yanzu tana cin ƙungiya ƙwarai. Amma a auna, kada a yi zato. A cika tanki, a je Sakkwato a dawo da lodi, a sāke cikawa, a rubuta lita nawa ta sha. Sau da yawa rabin ɓarnar daga kafireto ne da ba a daidaita ba, da fulogi da suka mutu, da matatar iska da ƙura ta toshe, da taya marar iska. Wani lokaci kuma, mu faɗi gaskiya, man ba inji ne yake shanye shi ba. Sabuwar mota ba ta maganin wannan.

Akwai abu ɗaya da littafi ba ya nunawa sai an rubuta shi musamman, watau ranakun da mota ta kwana a gareji. Ba duka ranaku ne darajarsu ɗaya ba. Gero da wake suna iya jira mako guda. Albasa ma tana da ɗan haƙuri. Tumatir ba ya jiran kowa. Mota ta tsaya kwana 3 da kwandunan tumatir a cikin zafin rana, hasarar ta fi kuɗin gyaran wata 6. A tambaya, a lokacin ɗibar kaya sau nawa ta ba mu kunya bara? In sau ɗaya ne, wannan ba kome. In kowane mako ne, lalle akwai magana. Mu kuma tuna, a shekarun nan hanyoyin Sakkwato da Kabi da Zamfara ba wurin da za a so direba ya kwana a daji yana jiran makanike ba ne.

Dabarar ciko

Dillali ba maƙiyinmu ba ne, sana'arsa yake yi. Amma musaya ciniki biyu ne aka cusa a buhu ɗaya, shi kuwa ya san nauyin kowanne, mu ba mu sani ba. Zai yaba tsohuwar tamu, ya sa mata kuɗi mai daɗin ji, sa'an nan ya ɗora abin da ya ƙara a kan kuɗin tasa. Mu kuwa ciko kawai muke ji. Maganin abin shi ne a raba cinikin. A aiki mutum biyu su tambayi kuɗin motarsa kamar masu biya hannu da hannu, ba tare da ambaton musaya ba. A kai tamu tasha ranar kasuwa a ji abin da direbobi za su taya. Sau da yawa makaniken da yake gyara ta, ko wani direba da ya san ta, zai biya fiye da dillali, domin shi aiki zai yi da ita, ba riba zai nema a kanta ba. Sai an san farashin nan biyu za a gane ko cikon da aka faɗa na gaskiya ne. A kuma yi maganar la'ada tun da fari, a san wanda zai biya.

Yaushe za a rabu da ita?

Namu ra'ayi shi ne, inji ba ya kashe mota, shasi ne yake kashe ta. Injin da yake hayaƙi yana shan baƙin mai ana iya sauke shi a sa sabon ringi da fistin, ko a sayi wani injin a ɗora, da kuɗin da bai kai rubu'in cikon sabuwa ba. Giya da kuloci da lagireto da sifirin duk abin canzawa ne. In shasi lafiyayye ne, kayan gyara kuma suna samuwa a Sakkwato, a yi mata babban gyara sau ɗaya wurin makanike mai amana, a daina facin yau da gobe.

Amma in shasi ya tsage an yi walda, ya sāke tsagewa, ko tsatsa ta cinye inda sifirin yake kamawa, ko sitiyari yana wasa an gyara ya ƙi, ko birki ba ya tsai da ita da lodi, to, ta gama aikinta. A nan ba a lissafin buhu. Akori-kurar ƙauye ba kaya kaɗai take ɗauka ba, mata da yara suna zaune a kan buhuna ranar kasuwa, ita ce kuma take kai mai naƙuda asibiti da dare. Haka kuma in kayan gyaranta na ainihi sun ƙare a kasuwa, sai jabu da ba ya wata guda. Masu tsohuwar 504 su lura da wannan, gama shekarun da aka daina haɗa ta suna ƙara yawa.

Kafin a zargi mota kuma, a dubi lodin da ake yi mata. An yi akori-kura domin kimanin tan ɗaya, watau buhu 10 masu kilo 100. Mu kuwa mukan ɗora 20, mutane su hau bisa. Sabuwa ma in aka yi mata haka, shekara 2 ta isa ta mai da ita tsohuwa.

In an yanke shawarar canzawa, ba tilas ne a yi tsalle zuwa mota mai tsada ba. Wata ƙungiya abin da ya dace da ita shi ne babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ko amalanken shanu, su fito da buhuna daga ƙauye zuwa bakin kwalta a Kajiji, sa'an nan a yi shatar Kanta ranar da kaya suka taru. Motar da take aiki wata 4 ta kwanta wata 8 ba ta biyan kanta. In kuwa mota za a saya, a zaɓi irin wadda ta yi yawa a tashar Sakkwato da ta Jega, gama inda irinta take da yawa nan kayan gyaranta suke. A tafi da makaniken ƙungiya, ba na dillali ba. A tashe ta da safe inji yana sanyi, a yi mata lodi a hau hanyar ƙauye da ita.

Takardu kuma a bi su a hankali. Tun watan Janairu na 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, amma ba a daina satar hanya da su ba. Motar da ba a biya mata kuɗin fito daidai ba, jami'an kwastan suna iya kama ta a hanya ko bayan shekaru, ƙungiya ta yi biyu babu. A gwada lambar shasi da ta inji da abin da yake rubuce a takarda, harafi da harafi. A yi takardar ciniki da shaidu. A yi rajista da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ko ma'aji ba, kome amincinsu, domin ranar da ɗayansu ya rasu kada motar ta shiga rabon gado.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Bayan kaka, sa'ad da kuɗi yake hannun mutane, shi ne lokacin sayar da tsohuwa. Babban gyara kuwa a yi shi da damina, lokacin da kaya suka yi ƙaranci, domin ta fito da ƙarfinta kafin girbi. Ko an riƙe tsohuwar ko an canza, daga wannan wata ma'aji ya buɗe asusu dabam, a riƙa cire wani abu daga kuɗin kowane buhu ana zubawa domin motar gaba. Tun da naira ba ta riƙe darajarta, wasu sukan mai da irin wannan ajiya hatsi ko bijimin kiwo, su sayar in lokaci ya yi. Duk wadda aka zaɓa, a rubuta ta cikin littafin taro, mutum 3 su sa hannu kafin a taɓa ko kobo.